Yadda ake canza fulogi a tsohuwar Corolla ba tare da an cinye haƙoran injin ba

Tsohuwar Corolla ba ta iya ɓoye ciwonta. Idan fulogi ya gaji, da safe za ka ji tana jan kik kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta yi ta karkarwa a silo har sitiyari na rawa a hannu. Ka taka totur za ka wuce tirela a hanyar Zariya, sai ta ɗan shaƙe, ta yi jinkiri, sannan ta fizga. Mai kuwa ya riƙa zurarewa ba ka san inda ya nufa ba. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum na iya kau da kai ya ce sai wata ya ƙare. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, silindar da ke tura ɗanyen mai ta salansa ba ta ƙona shi ba, kuɗin cefane take ci.

Aiki ne da mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida, bai kai awa ɗaya ba. Wuri ɗaya ne ke da haɗari a cikinsa. Jikin fulogi ƙarfe ne mai tauri, ramin da yake shiga kuwa a jikin top ɗin injin, wato kan injin da ke rufe saman silindoji, aka yanka haƙoransa, kuma top ɗin alminiyam ne mai laushi. Duk lokacin da aka tilasta su biyun, alminiyam ne ke ba da kai, sai aikin 'yan dubbai ya koma maganar sauke top. Yawancin abin da zan yi ta nanatawa a nan, kare waɗannan haƙoran ne.

Zan ɗauki Corolla ta shekarun 1990 mai injin 4A-FE, lita 1.6, silinda huɗu, irin mai distributa, wato abin da ke raba wuta ga kowane fulogi, da wayoyi huɗu da ke nutsewa cikin ramuka a tsakiyar murfin injin. Starlet da Civic da Sunny da Mazda 323 na wancan zamanin duk hanya ɗaya ake bi, lambobin kaya ne kawai suka bambanta. Motar da kwayil, abin da ke ɗaga ƙarfin wutar batir, ke zaune a kan kowane fulogi, ba waya, na ware mata bayani a gaba.

Sayen fulogin

Kada ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ce kawai a ba ka fulogin Corolla. Corolla injinanta da yawa, mai shago kuma abin da ke kusa da hannunsa zai miƙo. Je da lamba. Ga 4A-FE, abin da aka saba shi ne K16R-U na kamfanin Denso ko BKR5EYA na kamfanin NGK, wasu motocin kuma lambar tasu tana ƙarewa da 11. Littafin motar ne alƙali, ko takardar da ke manne a cikin bonet in ba ta goge ba. Fulogin da ka tarar a jikin injin ba hujja ba ne, domin motar ta ratsa hannaye da yawa kafin ta zo naka, kowa kuma abin da ya samu ya ɗaura.

Lambar tana da ma'ana, kuma saninta na hana a cuce ka. A NGK, BK na nufin kaurin haƙori milimita 14 da kai mai cin sifana lamba 16. R na nufin akwai abin rage hayaniyar wuta a cikinsa, wanda motar da ke da kwamfuta take buƙata, in ba haka ba rediyo ma sai ya riƙa ƙara. E tsawon haƙori ne, milimita 19. Lamba 11 ta ƙarshe tazarar baki ce, milimita 1.1. Tsawon nan ba abin wasa ba ne. Wanda ya yi tsawo zai leƙa cikin silinda, haƙoransa na ƙasa su tara gawayi ya ƙi fita, in tsawon ya yi yawa ma fistan ya doke shi. Gajere kuma yana maƙalewa a cikin rami, wutarsa ba ta isa inda ake so, haƙoran ramin da ya bari a buɗe su cike da datti.

Sai lambar zafi, wato 5 ɗin da ke tsakiya. Bakin fulogi yana buƙatar ya kai zafin kusan digiri 500 a ma'aunin Celsius domin ya ƙone baƙin da ke taruwa a kansa, amma in zafin ya haura 800 da wani abu, shi da kansa zai fara kunna mai kafin lokaci. Lambar tana nuna saurin da yake zubar da zafi zuwa jikin injin. A NGK da Denso, babbar lamba ita ce mai sanyi. 5 na NGK daidai yake da 16 na Denso, 6 kuma da 20. Bosch akasin haka yake, babbar lambarsa ce mai zafi. Akwai dabarar da ake yi wa injin da ke shan baƙin mai, a sa masa fulogi mai zafi don ya daina jiƙewa. A cikin gari za ta yi kamar ta yi aiki. Ka ɗauki motar doguwar hanya da lodi a zafin watan Afrilu, fistan ne zai biya bashin. Ni ban yarda da ita ba.

Za a yi maka tallar iridiyam, wato fulogi mai tsinken ƙarfen iridiyam. Na gaskiyarsa yana da kyau, wasu na kai kilomita 100,000, alhali fulogin gama-gari tsakanin 20,000 da 40,000 ake son a sauke shi. Amma 4A-FE da na gama-garin aka ƙera shi, ba zai ƙara gudu don an sa masa mai tsada ba. Kuma iridiyam ɗin ne 'yan jabu suka fi kwaikwaya, saboda nan ribar take. Gara na gama-gari na asali da iridiyam na bogi. Fito da huɗun daga kwali ka jera su a tafin hannu. Rubutun da ke jikin farin tangaran ya zama tsaf, ba ya gogewa da farce. Haƙoran su zama sumul ba kaushi. Washar kada ta zame ta fita da kanta in ka kifa fulogin. Tsinken tsakiya ya zauna daidai ƙarƙashin lanƙwasasshen ƙarfen da ke samansa, kuma huɗun su yi kama da juna. Farashin da ya yi arha fiye da hankali shi ma shaida ne. In ka ga sunan Niterra a kwalin NGK kada ka tsorata, kamfanin ne ya sauya suna a 2023.

Saya huɗu gaba ɗaya. Canza guda ɗaya a bar uku tsofaffi, jinkirta aiki ne kawai.

Kayan aiki

Soket ɗin fulogi lamba 16, dogo, mai roba ko maganaɗisu a ciki da ke riƙe fulogin. Tsofaffin injina masu kabureta da yawa lamba 21 suke ci, don haka gwada soket ɗin a kan sabon fulogi tun a shago. Sai sandar ƙarin tsawo mai kamar taƙi ɗaya, da racet ko hannun T. Ka samu ma'aunin tazara, wato 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki, da tsumma mai tsabta, da tocila, da famfon keke ko wani abin hura iska, da guntun tiyon roba wanda bakinsa zai kama farin tangaran ɗin fulogi. In kana iya aro sifana mai auna ƙarfin ɗauri, aro ta. In babu, akwai yadda ake yi.

Fara da injin mai sanyi

Da safe kafin a tada motar ya fi. In ta riga ta yi tafiya, bar ta har sai ka iya ɗora tafin hannu a kan murfin injin ka bar shi ba ka janye ba. Alminiyam mai zafi ya fi saurin barin haƙoransa su biyo fulogi, ga ƙuna a hannu a banza. A gareji ana yin aikin da zafinsa saboda layi, kai ba wanda ke jiranka.

Ja burkin hannu, kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu. Ba dole ne a cire kan batir ba, amma in akwai yara a kusa da za su iya wasa da makulli, kwance kan da ke da alamar ragi da sifana lamba 10.

Buɗe bonet, kafin ka taɓa komai ɗauki hoton wayoyin da wayarka, musamman yadda suka shiga murfin distributa. Silinda ta 1 ita ce ta ɓangaren bel, wato hannunka na hagu in kana tsaye a gaban motar, sai a ƙirga zuwa 4 a ɓangaren giya. Wuta na zagaya su ne a jerin 1-3-4-2. In wayoyi biyu suka yi musaya, motar za ta yi ta harbi ko ta ƙi tashi sam. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa wannan ita ce a yi silinda ɗaya a gama da ita, a mayar da wayarta, sannan a taɓa ta gaba.

Cire waya, share rami

Kama kan robar da ya toshe ramin, ba wayar ba. Murɗa shi dama da hagu har ya saki, sannan ka ja sama a miƙe. Cikin wayar nan ba tagulla ba ce irin ta wutar gida, zaren gawayi ne mai saurin tsinkewa. In ka fizge ta daga tsakiya za ta yanke a ciki alhali waje lafiya lau, ka gama aiki motar ta fi da karkarwa, ka ɗora wa sabon fulogi laifi.

Haska ramin da tocila. Abu uku ake iya gani: ƙura, ruwa, ko baƙin mai. Ruwa yawanci daga wajen wankin mota ne, inda ake fesa wa injin ruwa da ƙarfi. Baƙin mai kuwa alama ce robobin da ke zagaye da ramukan, a ƙarƙashin murfin injin, sun bushe. Wannan man na jiƙa kan wayar ya sa wuta ta riƙa sulalewa, kuma sabon fulogi ba zai magance shi ba sai an canza gasket ɗin murfin da robobin. A yanzu dai naɗa tsumma a jikin sukundireba ka tsane shi tas.

Sannan hura iska. Wanda ya san ƙurar hunturu ya san ba ramin da take bari. Duk yashin da ke kwance a gindin fulogi, da zarar fulogin ya fita cikin silinda zai faɗa, kuma a can aikinsa kankare bango da ring. Hura da famfo har sai ba abin da ke tashi.

Kwancewa

Zura soket da sandarsa har ka ji ya zauna a kan fulogin sosai. Hannu ɗaya ya dafe kan racet ɗin don sandar ta tsaya a miƙe, ɗayan ya ja hagu, saɓanin tafiyar agogo. In sandar ta karkace, soket ɗin na iya fasa tangaran a bar maka ɓarɓashi a rami. Ja a hankali da ƙarfi ɗaya, ba fizga ba. Zai ɗan yi ƙara ya saki. Juya shi zagaye ɗaya, zare soket, sake hura iska, domin dattin da ya daskare a gindinsa yanzu ne ya farfashe. Daga nan cire racet ɗin ka ƙarasa da yatsu.

Idan ya saki amma ya ci gaba da tauri, tsaya. Ko dai gawayi ne ya kama haƙoran ƙasa, ko alminiyam ya fara liƙewa a jikinsa. Fesa ɗan man sassauta tsatsa irin WD-40 a gindinsa, ka ba shi minti goma sha biyar ko fiye. Sannan mayar da shi ciki kaɗan, ka fito da shi kaɗan, gaba da baya, kowane karo kana ƙara ɗan fitowa. Abin na cin lokaci. In da wannan ma ya ƙi, mayar da shi yadda yake, ka maida waya, ka tuƙa motar zuwa wurin bakanike. Fulogin da ya karye a cikin top ba aikin ƙofar gida ba ne. Kuma kada ka ƙara wa sifana bututu don samun ƙarfi.

Da ya fito, ajiye shi a kan kwali ka rubuta lambar silindarsa a gefe. Kada ka bar ramin a buɗe ka tafi wani abu. In dole ne, toshe bakinsa da tsumma. In wani noti ko tsakuwa ya faɗa ciki, kada a kuskura a yi kik sai an fito da shi.

Abin da tsohon fulogi ke faɗa

Mutane da yawa na jefar da shi ba su duba ba, alhali shi ne kaɗai ya zauna a cikin silinda ya ga abin da ke faruwa. In huɗun suka jeru a kan kwali, duba bakunansu a cikin haske.

Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe, tsinken tsakiya ya ɗan zagaye, tazara ta buɗe: injin lafiyarsa ƙalau, tsufa ne kawai. Wannan ake fata.

Baƙi mai laushi a bushe, wanda ke gogewa a yatsa, mai ne ya fi iska yawa. Fara da duba filtar iska, don a ƙasarmu ita ce ta fi saurin toshewa. In huɗun duk haka suke, tambayi kanka ko an cire wa motar tamostat, abin da ke tsare ruwan injin har ya yi zafi. Al'ada ce a garejinmu a cire shi a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasa. Sakamakon shi ne injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, tana ta ƙara mai. Motar da ba ta zuwa ko'ina sai kai yara makaranta da dawowa ita ma tana yin wannan baƙin. In kuwa guda ɗaya ne tak ya yi baƙi, to matsalar ta silindarsa ce: waya, ko nozul, abin da ke fesa mata fetur, mai ɗiga.

Baƙi mai maiƙo, a jiƙe, a ɓangaren da ke cikin injin: baƙin mai na shiga ɗakin wuta, ko ta ring ko ta robobin bawul. Yawanci za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa, kuma baƙin mai na sauka a sandar awo tsakanin juye da juye. Sabon fulogi zai ba ka 'yan makonni, sannan ya koma yadda tsohon yake. A bambanta wannan da man da ya jiƙa haƙora daga sama lokacin kwancewa, wanda na ramin ne.

Fari fat, ko da ƙuraje a tangaran, ko ƙarfen bakin ya fara narkewa: zafi ya yi yawa. Ko lambar fulogin ba daidai ba ce, ko mai na ƙaranci, ko iska na shiga ta wani tiyo da ya tsage, ko an matsa taimin, wato lokacin bugun wuta, gaba da yawa. Wannan ya fi baƙin haɗari, kada a yi doguwar tafiya sai an gano dalili.

Akwai wanda ke ruɗar mutane. Uku sun yi launin tsufa, ɗaya kuma ya fito tas kamar an wanke shi. Ba lafiya ce ta sa ba. Sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga wannan silindar ta gasket ɗin top, tururinsa na wanke fulogin. In ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga amsar.

A jikin farin tangaran na sama kuma, zoben ruwan ƙasa da ke fitowa daidai inda ya haɗu da ƙarfe ba komai ba ne, ba yoyon wuta ba ne kamar yadda ake cewa. Amma siririn baƙin layi da ya sauko a tsaye, wanda ba ya gogewa, hanyar da wuta ta saba bi ce ta waje. Irin wannan layin na nan a cikin robar wayar ma, don haka wayar sai an canza ta, in ba haka ba za ta zana wa sabon fulogin irinsa.

Game da ƙona tsohon fulogi da fetur a goge shi da burushin ƙarfe a mayar: in kana daji ne, zai kai ka gida. Bai wuce nan ba. Gogewa ba ta dawo da ƙarfen da ya cinye.

Tazarar baki

Duba kowane sabo kafin ya shiga, ko da daga kwali ya fito, domin kaya na shan jifa a hanya. Wanda lambarsa ba ta ƙare da 11 ba, a wannan injin milimita 0.8 ake so. Mai 11 kuwa 1.1. Zura ma'aunin tsakanin tsinken tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen. Ya wuce da ɗan kamu kaɗan, ba sakwaf ba, ba kuma da tilas ba. In gyara ya kama, lanƙwasasshen ƙarfen kaɗai ake taɓawa, kuma ba a dogara abin lanƙwasawa a kan tsinken tsakiya. Iridiyam ba a gyara masa tazara da irin wannan hannu, tsinkensa siriri ne, yana karyewa.

Tazarar na da muhimmanci saboda batir volt 12 kawai yake bayarwa, kwayil ne ke ɗaga shi zuwa dubbai masu yawa don wutar ta tsallake. In tazara ta buɗe, kwayil sai ya ƙara wahala, wutar kuma ta fara neman hanya mafi sauƙi ta jikin waya ko murfin distributa. Shi ya sa barin tsohon fulogi ke kashe kwayil. Motar da aka mayar mai amfani da gas ta fi saurin nuna wannan, don gas ya fi fetur wuyar kunnawa. Mai irinta ya riƙa canza fulogi da wuri.

Wanda ya faɗi a kan siminti, ajiye shi gefe. Tangaran na tsagewa a inda ido ba ya gani.

Ɗaurawa

Nan ne aikin yake. Kada ka shafa wa haƙoran giris ko baƙin mai. NGK da kansa ya hana, domin an riga an lulluɓe haƙoran da abin da ke hana su liƙewa, maiƙo kuma na sa ka ɗaure fiye da kima ba ka ji a hannu ba.

Kada ka saki fulogin ya faɗa ramin, bakinsa zai bugu tazarar ta rufe. Cusa kansa a guntun tiyon nan, ko a soket da sanda ba tare da racet ba, ka saukar da shi a hankali har ya taɓa. Juya shi hagu kaɗan tukuna har ka ji ya ɗan faɗa, alamar bakin haƙoran sun haɗu, sannan ka juya dama da yatsu. Amfanin tiyo shi ne in fulogin ya hau a karkace, tiyon zai zame maimakon ya tilasta shi.

Fulogin da ya hau daidai zai tafi fiye da zagaye goma da yatsu kawai. Idan ya cije a zagaye na ɗaya ko na biyu, bai hau ba. Fito da shi ka sake. Sau nawa ma ya ɗauka, sake. Kada racet ya taɓa shi sai washarsa ta zauna a ƙasa ka ji ya tsaya cak. Kusan duk top ɗin da aka lalata, a wannan gaɓar aka lalata shi, mutum ya ji tauri ya ce ai datti ne, ya sa ƙarfi.

Da ya zauna, sai ɗauri. Toyota ta ba 4A-FE awon 18 N·m, ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan, kuma ba wani ƙarfi ba ne. In ba ka da sifana mai awo, juya shi kusan rabin zagaye bayan ya tsaya da yatsu. Za ka ji laushi-laushi yayin da sabuwar washar ke matsewa, sannan ka ji ya yi tauri. Nan ake tsayawa. Ƙarin da ake yi wai don a tabbatar, shi ke miƙar da jikin fulogi ya ja haƙoran alminiyam. Riƙe racet ɗin kusa da kansa, ba a ƙarshen hannun ba, ƙarfinka zai ragu da kansa. Sakaci ta ɗaya ɓangaren ma matsala ne: fulogin da bai zauna ba ba ya iya zubar da zafinsa, yana barin iska na fita, yana kuma girgiza har ya ci haƙoran a hankali.

In ka tarar wani ya riga ya ɓata ramin, fulogi na juyawa ba ya kamawa, kada a naɗa masa zare ko waya ko a sa gam. Akwai hannun riga na ƙarfe mai haƙori da ake dasawa a ramin, masu aikin injin sun san shi, kuma in an yi shi da kyau yana riƙewa.

Mayar da waya ka danna kan robar har ka ji ɗan ƙas, alamar ƙarfen ciki ya kama kan fulogin. Sai silinda ta gaba, haka har huɗu. Wayoyin su koma cikin 'yan maƙallansu, kada su kwanta a kan juna ko su taɓa ƙarfe mai zafi. Tunda hannunka na wurin, lanƙwasa kowace ka duba tsagewa. Wanda ke da mitar auna wuta zai iya auna yadda suke tauye wuta. Toyota ta ce kowace waya kada ta wuce kilo-ohm 25.

Ƙirga kayan aikinka, tabbatar ba tsumma a kusa da bel, sannan ka tada. Ya kamata ta tashi da wuri ta tsaya a silo ba rawa. In ka fesa man sassauta tsatsa, ɗan hayaƙi na minti ɗaya ko biyu ba komai. Saurara: ƙarar tas-tas a kusa da wayoyi wuta ce ke tsalle, huci mai bin bugun injin kuma fulogi ne bai zauna ba. Kada ka kama waya injin na aiki. Rubuta kilomita da kwanan wata a wani wuri, kuma in motar 'yar Amurka ce ka tuna mil take ƙirgawa, kowane mil kuwa kilomita 1.6 ne.

Mai kwayil a kan fulogi

Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE ba ta da distributa. Cire murfin roba na saman injin, za ka ga kwayil huɗu a jere, kowanne da noti lamba 10 da soket ɗin wuta. Danna harshen soket ɗin a hankali kafin ka ja, domin zafin shekaru ya busar da robar, tana karyewa kamar ƙanzo. Kwance notin, murɗa kwayil ɗin ka zaro shi sama. Sauran aikin duk ɗaya ne. Wannan injin da iridiyam ya zo, Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, tazara 1.1, ɗauri 25 N·m, kuma a nan ya dace a mayar masa da irinsa. Notin kwayil ɗauri kaɗan yake so.

Idan ba ta daina karkarwa ba

Motar da ke karɓar na'urar duba kwamfuta za ta faɗa maka silindar: P0301 ta ɗaya ce, har zuwa P0304, P0300 kuma na nufin abin na yawo. A mai kwayil huɗu, musanya kwayil ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta; in lambar ta bi shi, an kama mai laifi. Fitilar injin da ke ƙiftawa, ba tsayawa a kunne ba, tana nufin ɗanyen mai na isa cikin abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, kuma zai iya narkar da shi, don haka a rage tuƙi.

A mai distributa, buɗe murfinsa ka duba tsagewa da ƙarafan ciki da kan rota, abin da ke juyawa a tsakiya. Da daddare kuma buɗe bonet a wuri mai duhu injin na aiki, wayar da ke yoyo za ka ga shuɗin tartsatsi a jikinta. In wuta ta tabbata lafiya, saura nozul, da tiyon da ke shan iska, da matsin silinda, wanda sai an auna da geji a gareji.

Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, da safe injin na sanyi, fito da fulogin silindar da tsohonta ya fi muni ka duba. In ya fara ɗaukar launin da tsohon ya yi, ciwon na cikin injin ne, kuma yanzu ka san silindar da za ka nuna wa bakanike. Wajen mayar da shi ka tuna washarsa ta riga ta matse: bayan ya tsaya da yatsu, abin da zai ƙara bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha biyu na zagaye ba, wato tafiyar minti biyar a fuskar agogo.